GISHIRIN DA YA ƁACE YA KUMA DAWO: Yadda Masana Ke Auna Ƙawancen Ayon a Cikin Ruwa Mai Gami

Wata ranar Laraba da yamma, cikin watan sanyi, mu 'yan ƙungiyar kimiyya muka taru a ɗakin gwaje-gwaje kamar yadda muka saba. Malaminmu na Kemistiri ya sa aka zuba gishirin miya a kofin gilashi, aka yi ta damawa har ruwan ya ƙoshi, ya ƙi karɓar ƙari. Muka tsiyaye ruwan a wani kofi, ga shi garau kamar ruwan sha. Sai malam ya ɗauko kwalbar sipirit, irin wanda ake sayarwa a kemis domin goge wurin allura, ya tsiyaya a ciki. Nan take ruwan ya yi fari kamar farau-farau, bayan ɗan lokaci kuwa farin gari ya kwanta a gindin kofin. Gishirin da muka ga ya ɓace, ga shi ya dawo.

Ba wanda ya ƙara gishiri, ba a kuma ɗora kofin a wuta ba balle a ce ruwan ne ya ƙafe. Malam bai ba mu amsa ba, ya ce mu je mu nemo. Abin da muka samo cikin zango biyu na karatu da gwaji shi ne muka ga ya kamata mu rubuta a wannan mujalla, domin ƙannenmu da ke tafe da kuma iyayenmu da za su karanta. Littafin aji ya koya mana cewa gishiri in ya narke yakan rabu gaba ɗaya. Ashe maganar ba ta ƙare a nan ba. Akwai ɓangaren da yake narkewa amma bai rabu ba, masana kuwa sun san yadda ake ƙirga shi ko da yake ido ba ya ganinsa.

Abin da ke faruwa in gishiri ya narke

Gishirin miya haɗin abu biyu ne, sodiyam da kulorin. A cikin ƙwayar gishiri kowannensu yana ɗauke da cajin lantarki. Caji iri biyu ne, kamar yadda batir yake da kai biyu, mai alamar + da mai alamar −. Sodiyam yana da +, kulorin yana da −. Irin wannan ƙwayar zarra mai ɗauke da caji ita ake kira ayon, sunan da Michael Faraday na ƙasar Ingila ya fara amfani da shi a shekarar 1834, daga wata kalmar Girkanci mai nufin mai tafiya. Caji biyu masu bambanci suna jan juna, shi ya sa ƙwayar gishiri take da tauri.

A shekarar 1887 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana cewa da zarar gishiri ya shiga ruwa, ƙwayoyin ayon suna sakin juna, kowace ta kama gabanta. Manyan malamai na zamaninsa sun yi ta shakkar wannan magana, amma daga baya ta tabbata, har aka ba shi kyautar Nobel a 1903. Wannan shi ne dalilin da ya sa ruwan gishiri yake barin lantarki ya wuce, ruwan sukari kuwa ba ya bari, gama sukari yana narkewa ne ba tare da ya zama ayon ba.

Yawan waɗannan ƙwayoyi ya wuce tunani. Giram 58.5 na gishiri, wato abin da masana ke kira mol ɗaya, yana ɗauke da ayon na sodiyam da yawansu ya kai lamba 6 da sifiri 23 a bayanta, da kuma na kulorin daidai wannan adadi.

Ruwa mai raba tsakani

To, me ya sa suke sakin juna a cikin ruwa alhali suna jan juna? Dalili shi ne ƙwayar ruwa kanta tana da gefe mai ɗan + da gefe mai ɗan −. In ayon ya shigo, ƙwayoyin ruwa sukan kewaye shi kamar yadda yara suke kewaye baƙo, kowace ta juyo masa da gefen da ya dace. Haka ruwa yake zama shamaki tsakanin mai + da mai −, ƙarfin jan da ke tsakaninsu ya ragu.

Masana sun auna ƙarfin wannan shamaki ga kowane irin ruwa, suka ba shi lamba. A zafin digiri 25, lambar ruwa kimanin 78 ce, wato jan da ke tsakanin caji biyu ya ragu har sau 78 bisa yadda zai kasance a fili. Lambar metanol kimanin 33 ce. Ta itanol, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin sipirit, kimanin 24 ce. Akwai kuma wani ruwa da ake kira dayoksen wanda tasa ba ta wuce 2.2 ba. In aka gauraya ruwa da itanol rabi da rabi bisa nauyi, lambar takan sauko wajen 49. Irin wannan gauraye shi muke kira ruwa mai gami a cikin wannan rubutu.

Ga amsar tambayar malam ke nan. Giram 100 na ruwa yana iya narkar da giram 36 na gishiri, amma giram 100 na itanol zalla ba ya narkar da ko kashi ɗaya cikin goma na giram guda. Da sipirit ya shiga kofinmu, shamaki ya yi rauni, ƙwayoyin ruwa kuma suka shagala da baƙon da ya shigo, sai sodiyam da kulorin suka sake samun juna, suka taru suka kwanta.

Ƙawancen ayon

Amma tsakanin rabuwa gaba ɗaya da kwantawa a gindin kofi akwai wani matsayi, shi ne ainihin abin da muke son bayyanawa. A shekarar 1926 Niels Bjerrum na ƙasar Denmak ya nuna cewa mai + ɗaya da mai − ɗaya suna iya matsowa kusa, su riƙe juna, su yi ta yawo tare a cikin ruwan. Ba su kwanta ba, ruwan yana nan garau, amma kuma ba su da 'yanci. Wannan shi muke kira ƙawancen ayon. Ƙawance ne na ɗan lokaci ƙalilan, ana ƙullawa ana kwancewa ba fasawa, sai dai a kowane lokaci akwai wani kaso tsayayye na ƙwayoyin da suke riƙe da juna.

Bjerrum ya yi lissafin tazarar da in ayon biyu suka shigo cikinta, jan da ke tsakaninsu zai rinjayi girgizar da zafi yake yi musu. Ana auna irin wannan tazara da nanomita, wato milimita ɗaya in an raba shi kashi miliyan. Ga gishiri mai caji ɗai-ɗai a cikin ruwa, tazarar kimanin nanomita 0.36 ce. Wannan gajeriya ce ƙwarai, gama ko a cikin ƙwayar gishiri busasshiya tazarar sodiyam da kulorin 0.28 ce, ga kuma rigar ruwa da kowanne yake sanye da ita. Shi ya sa gishirin miya a ruwa zalla ƙawancensa kaɗan ne ainun, littafinmu bai yi ƙarya ba. A cikin itanol kuwa tazarar ta haura nanomita ɗaya, saboda haka ƙawance ya yi sauƙi.

Yawan caji ma yana da tasiri. Maganiziyam da kalsiyam caji bibbiyu gare su, haka salfet da kabonet. Biyu sau biyu huɗu, saboda haka jan ya ninka sau huɗu, tazarar ma haka. Irin waɗannan suna ƙawance ko a ruwa zalla. Kanwar da iyayenmu mata suke jefawa a wake, wadda fatake suke kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, mafi yawanta sodiyam kabonet ne da baikabonet. In ta haɗu da kalsiyam na ruwan rijiya, kabonet yakan kama shi, su fara da ƙawance, in sun yi yawa su kwanta. Farin ɓawon da ke manne a cikin butar shayi ma kalsiyam kabonet ne.

Yaya za a ƙirga abin da ba a gani?

Babu madubin ɗakin gwajinmu da zai nuna mana ayon. Amma akwai wata dabara. In aka tsoma sandunan lantarki biyu a cikin ruwan gishiri, masu + sukan nufi sanda ɗaya, masu − su nufi ɗayar. Tafiyarsu ita ce wucewar lantarki a cikin ruwan. Ayon biyu masu caji daidai da suka riƙe juna kuwa, + da − nasu sun kashe juna, babu sandar da take jansu.

Mu ɗauki misali da Kwanar Dangora, inda motoci suke tsayawa a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Ga matafiya masu nufin Kano, ga masu nufin Zariya. In wani mai zuwa Kano ya haɗu da tsohon abokinsa mai zuwa Zariya, suka riƙe hannu suna gaisawa, to ba wanda zai shiga mota a cikinsu sai sun saki juna. Suna nan a tasha, in aka ƙirga kawuna za a ƙirga da su, amma kwandasta bai karɓi kuɗinsu ba. Wanda ya san adadin mutanen da suka zo tasha, ya kuma san adadin waɗanda suka hau mota, zai iya faɗin yawan masu gaisuwa ko da bai gan su ba. Haka masani yake yi. Ya san gishirin da ya auna ya zuba, na'ura kuma ta gaya masa lantarkin da ya wuce. Giɓin da ke tsakani shi ne alamar ƙawance.

Mutumin da ya fara kyautata wannan awo shi ne Friedrich Kohlrausch na ƙasar Jamus, tun daga wajen 1870. Ya lura cewa in aka yi amfani da wutar batir mai tafiya gefe ɗaya, kumfa takan taru a jikin sandunan ta ɓata awo. Sai ya koma ga wuta mai kai da komowa da sauri, wadda ba ta ba kumfa damar taruwa. Har yau na'urorin auna wucewar lantarki a ruwa da wannan dabara suke aiki.

Tarkon da muka faɗa ciki

Mu ma muka ce bari mu gwada, gama sai an gwada akan san na ƙwarai. Muka ciro sandunan gawayi biyu daga tsofaffin batiran tocila, muka haɗa su da waya da batir da ƙaramin ƙwan fitila, muka tsoma a ruwan gishiri wanda bai ƙoshi ba. Ƙwan ya kama. Muka yi ta ƙara sipirit, hasken yana dusashewa. Muka yi murna, muka rubuta a littafinmu cewa mun ga ƙawancen ayon da idonmu.

Da muka kai wa malam, ya yi murmushi ya yi mana tambaya biyu. Ta fari, da kuka ƙara sipirit, ba tsinka ruwan gishirin kuka yi ba, kamar yadda ake tsinka kunu? Ta biyu, kun tabbata ruwan bai ƙara kauri ba? Muka yi tsuru-tsuru. Tambaya ta fari mun gane ta nan take. Ta biyu kuwa ta ba mu dariya da farko, domin sipirit a ido ya fi ruwa tsinkewa. Da muka duba teburin masana sai muka sha mamaki. A digiri 25 kaurin ruwa 0.89 ne, na itanol kimanin 1.1, amma gaurayensu wajen rabi da rabi yakan kai kimanin 2.3, wato ya fi ninki biyu na ruwa. Ayon da ke tafiya a irin wannan ruwa kamar mai tafiya ne a hanyar laka cikin watan Agusta. Bai tsaya gaisuwa da kowa ba, hanya ce ta riƙe masa ƙafa. Tun a 1906 Paul Walden ya lura cewa gwargwadon ƙaruwar kauri, gwargwadon raguwar saurin ayon.

Akwai kuma dalili na uku. Ko ƙwayoyin da ba su riƙe juna ba suna rage wa juna sauri, kamar yadda cunkoson ranar kasuwa yake hana mutum sauri ko da ba ya tsayawa. Peter Debye da Erich Hückel ne suka yi lissafin wannan cunkoso a 1923, sa'an nan Lars Onsager ɗan ƙasar Norwe ya gyara lissafin a 1927, ya nuna daidai yadda cunkoso yake rage wucewar lantarki a ruwa mai ɗan gishiri. Ashe mafi yawan dusashewar ƙwanmu daga tsinkawa ne da kauri, rabon ƙawance a ciki ɗan kaɗan ne. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Duk wanda zai auna ƙawance dole ya fara cire rabon laka da rabon cunkoso, abin da ya saura shi ne na masu riƙe hannu.

Matakan awo na ƙwarai

Ga yadda ake yin aikin a ɗakunan gwaji na jami'o'i. Da fari ana tsabtace ruwan narkarwa. Tataccen ruwa na ƙarshe yana ba da awon maikrosimens 0.055 ne kawai a kowace santimita, amma in aka bar shi a buɗe, iskar da muke fitarwa ta numfashi takan narke a ciki awon ya tashi. Saboda haka ana auna ruwan shi kaɗai tukuna, domin a cire nasa rabon daga baya.

Na biyu, ana daidaita na'ura da ruwan da kowa ya san awonsa. Wanda aka fi amfani da shi shi ne fotasiyam kuloraid, mol 0.01 a lita, wanda yake ba da maikrosimens 1413 a digiri 25.

Na uku, ana tsare zafi. Ƙarin digiri ɗaya yana ƙara awon da kimanin kashi 2 cikin 100. Mu da muke ƙasar da safiyar hunturu take sa mu rawar ɗari, watan Afrilu kuma zafi ya kai digiri 40, mun san abin da wannan yake nufi: ruwa ɗaya zai ba da amsa biyu masu nisa da juna. Shi ya sa ake nutsa kwalbar awo a cikin bahon da aka tsayar da zafinsa a digiri 25 cif.

Na huɗu, ba a yin awo ɗaya. Ana shirya gami ɗaya, a ce ruwa kashi 50 itanol kashi 50, sa'an nan a auna shi da gishiri kaɗan, a ƙara kaɗan a sake aunawa, har sau takwas ko goma. Tun da gamin bai canja ba kuma gishirin kaɗan ne, kaurin ruwan kusan ɗaya ne a dukan awon.

Na biyar, ana raba kowane awo da yawan gishirin da ke ciki, domin a san aikin da mol ɗaya yake yi. Ana zana sakamakon a takardar jadawali, a bi layin baya har zuwa inda gishirin ya kusa zama babu. A can babu cunkoso, babu ƙawance, kowane ayon shi kaɗai ne a kan hanya. Wannan lamba ita ce cikakken ƙarfin gishirin a wannan gami, rabon laka kuwa ya riga ya shiga cikinta.

Na shida, ana amfani da lissafin Onsager a san inda layin ya kamata ya bi in cunkoso ne kaɗai yake aiki. In layin da aka auna ya faɗo ƙasa da wannan, to ga ƙawance nan.

Mu ba da misali da lambobin da ke cikin teburin masana. Cikakken ƙarfin fotasiyam kuloraid a ruwa 150 ne. A mol 0.01 yakan sauko 141, wato ya ragu da kashi 6 cikin 100, cunkoso kuwa ya isa ya bayyana wannan. Kofa salfet, shuɗin gishirin nan na ɗakin gwajinmu, yana farawa daga 134, amma a ruwa mai yawan caji daidai da wancan yakan faɗo har 83. Cajinsa bibbiyu yana sa cunkosonsa ya fi tsanani, duk da haka cunkoso kaɗai bai isa ya kawo irin wannan faɗuwa ba.

Daga nan ake fitar da lambar ƙawance, wadda ake rubutawa da harafin K. Misali domin lissafi kawai: a ce an zuba mol 0.001 a lita, awo ya nuna kashi 80 cikin 100 suna da 'yanci, kashi 20 suna riƙe da juna. Masu + masu 'yanci 0.0008 ne, masu − haka, ƙawaye 0.0002. A raba 0.0002 da abin da 0.0008 sau 0.0008 ya bayar, za a sami kimanin 310. Masana sukan ƙara wani ɗan gyara saboda cunkoso, amma tushen lissafin ke nan. Lambar fotasiyam kuloraid a ruwa ba ta kai 1 ba, a itanol zalla kuwa ta kai gomomi. Ta maganiziyam salfet a ruwa ta haura 150.

In an gama da gami ɗaya sai a shirya wani, a sake komai daga fari. Haka Raymond Fuoss da Charles Kraus suka yi a Jami'ar Brown ta ƙasar Amurka a 1933. Sun yi amfani da ruwa da dayoksen domin su biyun suna gauraya a kowane kaso, saboda haka suna iya sauko da lambar shamaki daga 78 har zuwa 2.2 mataki-mataki, kamar mai sauka daga tsani. Sun ga ƙawance yana ƙaruwa a kowane mataki. A can ƙasan tsanin ma sun tarar da alamar ƙwayoyi uku-uku suna haɗuwa.

Lantarki ba shi kaɗai ne shaida ba. An daɗe da lura cewa ruwan teku yana shanye sauti mai tsini fiye da ruwan kogi, aka kuma gano cewa ɗan maganiziyam salfet da ke ciki ne sanadi. Manfred Eigen da Konrad Tamm na Jamus suka bi diddigin wannan da na'urar sauti, suka nuna cewa ƙawancen hawa-hawa ne: wani lokaci akwai ƙwayoyin ruwa biyu a tsakanin ƙawayen, wani lokaci ɗaya, wani lokaci kuwa jiki da jiki suke. Eigen ya sami kyautar Nobel a 1967 saboda aikinsa na auna canje-canje masu saurin gaske.

Ina ruwan mutumin Yako da wannan?

Mai karatu zai iya cewa wannan duk zancen Turawa ne. To, ya duba aljihunsa. Batirin wayar hannu da na fitilar sola da muke karatu da ita da dare batirin litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. A cikinsa akwai gishirin litiyam da aka narkar a ruwa mai gami, wanda babu ɗigon ruwan sha a cikinsa. Ɗaya daga cikin abubuwan gamin, etilin kabonet, lambar shamakinsa ta kai wajen 90, ya iya raba ayon ƙwarai, amma yana da kauri, har ma daskarewa yake yi in zafi bai kai digiri 36 ba. Ɗayan kuma, daimetil kabonet, tsinkakke ne, hanya ce mai kyau, amma lambarsa kimanin 3 ce, ayon a cikinsa sai ƙawance. Kowanne shi kaɗai ba ya biyan bukata, sai an gama su. Kason da za a gama kuwa, da irin awon da muka bayyana ake gano shi. Da shi ne kuma aka gano cewa wajen mol ɗaya a lita lantarki ya fi wucewa. In aka ƙara gishiri fiye da haka sai ƙawance da kauri su yi yawa, aikin ya koma baya, kamar miyar da gishiri ya yi wa yawa. Masana uku da suka share hanyar wannan batir, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami kyautar Nobel a 2019. Ƙasarmu tana da duwatsun litiyam, a 2024 ma an buɗe masana'antar sarrafa su a Jihar Nasarawa. Tono dutse aiki ne na ƙarfi, amma mayar da shi batir sai da masu irin wannan sani.

Sa'an nan ya duba gonarsa. Madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita take shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Kogin Kano da ke cika ta yana gangarowa ne daga tsaunukan kudu ta dajin Falgore, bisa duwatsu masu tauri da ba sa saurin narkewa, saboda haka ruwansa ba shi da gishiri da yawa. Amma rana tana ɗauke ruwa ta bar gishiri, duk inda aka yi shekaru ana ban-ruwa ba tare da magudana mai kyau ba, ɗan kaɗan ɗin nan yakan taru har ƙasa ta yi fari, shuka ta tsumbure. Malaman gona suna gane haka da na'urar auna wucewar lantarki. Bisa jagorar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1985, ruwan ban-ruwa da bai kai maikrosimens 700 ba ba shi da matsala, wanda ya haura 3000 kuwa yana da haɗari ga amfanin gona.

Na'urar ba ta ganin ƙawaye, masu 'yanci kaɗai take ƙirgawa. Ƙasar da ta yi kanwa akan yi mata magani da jibsam, wato kalsiyam salfet, irin wanda ake haƙowa a jihohin Sakkwato da Yobe. Lita ɗaya ta ruwa tana narkar da ɗan abin da ya haura giram 2 na jibsam, kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da ya narke kuwa yana zaune ne cikin ƙawance. Kalsiyam mai 'yanci shi ne yake korar sodiyam daga jikin ƙasa. Malamin gonar da ya manta da wannan, ko dai ya raina yawan gishirin da ke cikin ruwan, ko ya zaci kalsiyam mai aiki ya fi yadda yake, asarar kuwa a kan manomi za ta faɗa.

Gargaɗi da kammalawa

Ga ƙannenmu masu sha'awar maimaita gwajinmu, a yi shi a gaban malam. A yi amfani da batirin tocila kaɗai, kada a kuskura a haɗa da wutar gida. Sipirit yana kama wuta, kuma guba ne, ba a ɗanɗana shi. A buɗe tagogi, domin ruwan gishiri yana fitar da iskar kulorin in lantarki ya daɗe yana wucewa.

Mun bar muku aikin da mu ba mu ƙarasa ba. Ku shirya kofi uku, kowanne da gishiri cokali ɗaya daidai, kuma ruwan ya tsaya a layi ɗaya: na fari ruwa zalla, na biyu ruwa da sipirit, na uku ruwa da sukari mai yawa har ya yi kauri. Ku auna su a rana ɗaya, a inuwa ɗaya, ku rubuta abin da kuka gani. Sukari ba ya taɓa lambar shamaki sosai kamar sipirit, amma yana ƙara kauri, saboda haka kofi na uku zai nuna muku rabon laka. In ƙwan fitilarku ya dusashe, kada ku yi garajen rubuta dalili kamar yadda muka yi. Ku fara tambayar kanku tambayoyin nan biyu da malam ya yi mana.

Muna godiya ga malaminmu na Kemistiri da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje saboda haƙurin da suka yi da mu, da kuma kofi biyu da muka fasa.